Hilux mai zaman baya: sifirin ko shokozoba?

Tambaya: Wani mai Toyota Hilux ya ɗora mata rumfar ƙarfe da tankin ruwa, yanzu bayanta ya zauna, kuma tana dukan ƙasa a gargada. Yana son ya ɗaga ta, to me zai saya?

Amsa: Damuwar mai tambaya tana bisa hanya, domin zaman baya alama ce ta cewa sifirin, wato jerin faifan ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, yana ɗauke da kayan da suka wuce abin da aka ƙera shi dominsa. Shokozoba kuwa ba ya ɗaukar kaya, aikinsa shi ne kashe tsalle, saboda haka sauya shi kaɗai asarar kuɗi ce. Abin da ya kamata ya fara yi shi ne auna motar da kayanta na kullum, ya kwatanta da iyakar nauyin da kamfani ya rubuta a jikinta, sannan ya zaɓi sifirin da ya dace da wannan nauyi, tare da shokozoban da tsawonsa ya yi daidai da shi.

Game da ɗagawa, kada ta wuce kimanin santimita 5, domin fiye da haka yana karkatar da gaɓoɓin sandunan da ke juya ƙafafun gaba, ya ja tiyon birki, kuma motar ta fi saurin kifewa a kwana. Ya guji ƙarin faifan da maƙera ke cusawa bisa ƙiyasi. Bakanike ya ɗaure kusoshin robobin sifirin bayan an sauke motar kan tayoyinta, sannan a daidaita saitin ƙafafu da fitilun gaba.