Filin Gwaggo Talatu: "Sun karya mini jarumi"

Wasiƙun wannan mako duk daga yammacin Kano suka fito, Karaye da Rogo, kuma duk a kan gem ɗin waya ne. Masu jiran amsar rikicin kishiya da na uwar miji su yi mini haƙuri zuwa mako mai zuwa.

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina da shagon caji a Karaye, shekarata 23. Shekara biyu ke nan ina buga wani gem na intanet, irin wanda kowa yake da jaruminsa, yana renonsa yana ƙara masa makamai, sannan a haɗa ƙungiya a fita yaƙi tare. Mu goma sha huɗu ne: tara 'yan nan garin, uku a Rogo, biyu a Maraɗi waɗanda ko fuskarsu ban taɓa gani ba. Ni ne shugaba. Da ribar shago na gina jarumina, yau ɗari biyar gobe dubu, da na zauna na yi lissafi ya haura naira dubu tamanin, ban da data. Makon jiya muka wayi gari kamfanin ya sabunta gem ɗin, ya rage wa jarumin ƙarfi. Takobin da yake kayar da mutum da sara biyu, yanzu sai biyar. A ranar kuma suka fito da sabon jarumi na sayarwa. Ƙungiya ta rabu. Wasu sun ce mu ƙaurace wa gem ɗin, wasu sun ce ai dama nawa ya cika ƙarfi, har da aminina da muka taso tare. Mun yi sa-in-sa, yau kwana biyar ko cajin wayarsa ba ya kawowa shagona. Na rubuta wa kamfanin sau uku, amsa iri ɗaya suke turo mini. Gwaggo, wannan ba zalunci ba ne? Yaya zan yi?

S. M., Karaye

Wa alaikumus salam, ɗana. Sai da na sa jikana ya zauna kusa da ni ya buɗe irin gem ɗin, na ga jarumin da alkyabbarsa mai ƙyalli, na ga yadda yaron ya daina jin kirana da zarar an fara gwabzawa, sannan na ɗauki biro. Ba zan ce maka "ai wasa ne" ba. Abin da mutum ya ba shekara biyu da dubu tamanin ya wuce a yi masa dariya.

Amma kai ɗan Karaye ne, ka san noman rani a bakin dam ɗin Challawa. Wanda ya karɓi gona haya, tumatir yake sawa da albasa, abin da zai kwashe cikin 'yan watanni. Ka taɓa ganin ya dasa mangwaro? Kai mangwaro ka dasa. Doguwar takardar Turancin nan da ka danna amincewa a kanta ranar farko ba tare da ka karanta ba (kowa ma haka yake yi, har ni) abin da take cewa a kusan duk waɗannan wasanni shi ne jarumin da takobin da dayamon ɗin, wato kuɗin cikin gem, duk na kamfani ne. Izinin amfani ka saya, kuma suna da ikon sauyawa ran da suka ga dama. Tsofaffin da ke buga dara a gindin bishiya sun fi ku gata ta nan: ramukan nasu ne, tsakuwar tasu ce, dokar ma su suke yanke ta kafin a ajiye ɗan farko.

Me ya sa suka rage masa ƙarfi? Dalilan biyu ne, kuma sau da yawa tare suke tafiya. Na farko, wanda amininka ya faɗa, kuma yana iya zama gaskiya. Idan jarumi guda ya gagari sauran, kowa shi zai ɗauka, wanda ba shi da kuɗin sayensa kuma ya gaji da shan kashi ya tafi. Masu buga gem kyauta su ne cikar kasuwa. Idan suka watse, mai kuɗi ba shi da wanda zai nuna wa ƙarfinsa. Don haka masu tsara wasa suna duba alƙaluman wa ke cin wa, su datse wanda ya yi tsawo. Na biyu, wanda kai ka hango: ba a sayar da sabon takobi sai tsohon ya dakushe. Banza ba ta kai zomo kasuwa, gem ɗin da ka sauke kyauta dole ta wata ƙofa zai ci abinci. Fitowar sabon jarumi a ranar da aka karya naka ta isa ta sa ka zargi, ban ga laifinka ba.

Ba kai ne farau ba. Wani saurayi ɗan Kanada haifaffen Rasha, Vitalik Buterin, ya buga World of Warcraft daga 2007 zuwa 2010, har kamfanin Blizzard ya cire wani ƙarfi daga jarumin da yake ƙauna. Shi da kansa ya ba da labarin cewa da kuka ya kwana, ya bar gem ɗin. Shi ne daga baya ya jagoranci ƙirƙiro Ethereum, wanda 'yan kirifto na Kano suka sani sarai. Ban ce ka je ka ƙirƙiro kuɗi ba.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko kamfani yana jin maganar masu wasa. Yana ji, amma ba ta wasiƙar mutum ɗaya ba. A ƙarshen 2007 kamfanin Jagex na Ingila, mai gem ɗin RuneScape, ya taƙaita ciniki tsakanin 'yan wasa, ya kuma hana farautar juna a dajin da aka saba yi, don ya toshe masu sayar da zinaren gem da kuɗin gaske. Jama'a suka yi ta ficewa. Sai a farkon 2011, bayan ƙuri'ar da fiye da mutum miliyan ɗaya suka kaɗa, aka dawo da abin da aka cire. A 2013 kuma, bayan wata ƙuri'ar, kamfanin ya tono tsohon gem ɗin yadda yake a 2007 ya sake buɗe shi da sunan Old School RuneScape, da alkawarin ba za a ƙara sabon abu ba sai kashi 75 cikin 100 na masu ƙuri'a sun yarda. A 2022 aka sauke sharaɗin zuwa kashi 70. A EVE Online, gem ɗin kamfanin CCP na ƙasar Ayislan, 'yan wasa har majalisa suke zaɓa tun 2008. Da kamfanin ya fito da wani tabarau na kwalliya a 2011 kan kusan dala 70, aka kuma ji ƙishin-ƙishin za a fara sayar da ƙarfi da kuɗi, dubban 'yan wasa suka taru da jiragensu a babbar kasuwar gem ɗin suna ta harbin wani gunki, wasu suka soke biyan kuɗin wata. Kafin shekara ta fita shugaban kamfanin ya rubuta takardar ban haƙuri.

Ka lura da abin da ya haɗa su. Waɗancan mutane kuɗin wata suke biya, ficewarsu tana bayyana a littafin kamfani nan take, kuma dubbai ne suka tashi lokaci guda. Ku goma sha huɗu ne, rabinku ma ba su yarda an zalunce ka ba. Ka tuna 2024, lokacin da samarin Arewa da yawa suka duƙufa dangwalar waya a gem ɗin Hamster Kombat da fatan samun kuɗi. Masu shi suka ce sun tara mutum miliyan 300. Ranar 26 ga Satumba aka yi rabon, mutane da yawa suka tashi da abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. An yi zagi, an yi Allah ya isa, ba abin da ya sauya, domin wanda ya riƙe doka shi ya riƙe rabo.

Ga abin da zan ce ka yi. Ka daina rubuta wa sashen karɓar ƙorafi, na'ura ce take amsa maka. Irin waɗannan kamfanoni suna turo takardar jin ra'ayi a cikin gem ɗin bayan kowane sauyi, suna kuma duba taurarin da ake ba su a Play Store. Can za ku faɗi naku, kowa da bakinsa, da hujja ba zagi ba: sara nawa ne da, nawa ne yanzu, karo nawa kuka sha kashi. Wani lokaci sukan mayar da rabin abin da suka cire. Sannan ka ɗaure bakin aljihu. Sabon jarumin nan ma ranarsa tana zuwa. In har za ka saya, ka yanka wa kanka abin da ba zai wuce kuɗin shayi da burodi na mako ba, ka ɗauka kallo ka biya, ba jari ka zuba ba.

Shi kuwa amininka, yau ɗin nan ka rufe shago bayan isha'i ka same shi. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa maka a lokacin da ba ka son ji, kuma wataƙila ya daɗe yana shan sara biyun nan a hannunka yana haɗiyewa. Mutum goma sha ukun nan su ne abin da kamfani bai ba ka ba, ba kuma zai iya rage musu ƙarfi ba. Ka karɓi lambar 'yan Maraɗin nan ka adana a wayarka, ba a cikin gem kawai ba.

Gwaggo, barka da aiki. Ni matar aure ce a Rogo, 'ya'yanmu uku. Maigidana mutumin kirki ne, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon dare. Amma wata huɗu ke nan ya kamu da wani gem. Ran nan ya ba ni wayarsa in haska wa yaro fitila, sai ga saƙon banki: dubu ɗaya da ɗari biyar, dubu uku, dubu ɗaya da ɗari biyar, har sau tara a mako guda. A satin nan kuwa ya ce mini babu kuɗin cefane sai an yi albashi. Da na tambaye shi ya ce akwati yake buɗewa yana neman wata jaruma da ba a cika samu ba. Na ce ai caca ce, ya ce a'a, tunda ko yaushe akwai abin da yake fitowa a akwatin, ba a tashi a tutar babu. Wa ke da gaskiya?

Maman Ummi, Rogo

'Yata, hukuncin halal da haram na malamai ne, kuma ina so ku kai musu tambayar. Amma ku kai ta da cikakken bayani, kada a ce musu "wasan waya ne" kawai. Bayanin shi ne: mutum yana biyan kuɗin da ya sani, don abin da bai sani ba, yana fatan babban rabo, mafi yawan lokuta kuma tarkace yake samu. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta bincika irin waɗannan akwatuna ta ce dokar caca ta hau kansu, har wasu kamfanoni suka daina sayar da su a can. Ba Hisbah ba ce ta faɗa, Turawa ne da suka san kayansu.

Ki ga yadda ake ginin. A Genshin Impact, ɗaya daga cikin fitattun wasannin wannan salo, kamfanin da kansa ya wallafa cewa damar samun jarumi mai tauraro biyar a buɗawa guda kashi 0.6 ce cikin 100, wato shida cikin dubu, sai dai an yi alkawarin ba za a wuce buɗawa 90 ba a samu ba. Wannan alkawari shi ne ƙugiyar. Wanda ya buɗe sau hamsin ba ya iya tsayawa, gani yake saura ƙiris, in ya bari ya yi asarar na baya. Sannan ba naira ake nuna masa ba: naira ta koma dayamon, dayamon ya koma tikiti, kafin a zo akwati ya manta da kuɗin cefane ne. A saman allo kuma ga agogo yana ƙirga kwanakin da suka rage jarumar ta ɓace. Mutane masu ilmi aka biya albashi suka zauna suka tsara wannan, don haka kada ki ɗauka mijinki sakarai ne.

Kada ki tare shi a gaban yara, kada kuma ki fara kai ƙara gidansu. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki ce, "Abban Ummi, nuna mini akwatin nan." Tun 2017 Apple, Google kuma tun 2019, suka wajabta wa masu gem su bayyana damar samun kowane abu, yawanci a wata 'yar alama a gefen akwatin. Ku buɗe ku karanta tare. Sannan ki ɗauko takarda ku haɗa saƙonnin bankin wata huɗun, shi da hannunsa zai rubuta jimla. Roƙonki guda biyu ne: ya cire katin banki daga wayar, kuma kuɗin cefanen wata ya shigo hannunki ranar albashi. Idan ya yi alkawari ya karya, ya fara ɓoye waya ko cin bashi, to abin ya wuce sha'awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka tun 2019. A nan ne za ki nemo babban wansa ko wani aminin da yake jin nauyi.

Gwaggo, ni ɗan sakandare ne a Rogo. Kullum kafin in ga abokin gaba ya riga ya harbe ni. Abokaina sun ce kamfanin ne yake fifita 'yan Legas da Turawa. Gaskiya ne?

Ɗanki A., Rogo

Ɗana, ba wanda ya san da zamanka a can balle ya tsane ka. Nisa ne. Duk abin da ka danna sai ya tashi daga wayarka zuwa ƙarfen sabis, ya bi waya har Legas, galibi ya shiga wayar ƙarƙashin teku zuwa ƙasar da babbar kwamfutar gem ɗin take, sannan amsa ta dawo ta wannan hanya. Wanda ya fi ka kusa ya riga ka gani. Da wayoyin tekun nan suka tsinke a gaɓar Kodebuwa a Maris ɗin 2024, 'yan Legas ɗin ma sun ɗanɗana. Akwai wata 'yar lamba a kusurwar allo mai nuna jinkiri. In ta yi ja, kada ka shiga gasa. Ka zaɓi jarumi mai warkar da 'yan ƙungiya ko mai tsare baya, aikinsu ba ya bukatar saurin yatsa kamar na maharbi. Kuma na ga lokacin da saƙonka ya shigo, ƙarfe ɗaya da kwata na dare, ranar Talata. Wa ya je maka makaranta da safe?