Rubutun gado da ke cikin jiki

Makiyayin Abalak ba ya barin kowane sa ya hau shanunsa. Yakan zaɓi bajimin Azawak wanda uwarsa ke da nono. Ya san maraƙi yana ɗauko halin iyaye. To, ina wannan gado yake ɓoye?

An gina jikin mutum, da na dabba, da na hatsi da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani siririn zare. Da faransanci sunansa ADN, da ingilishi DNA. Na ƙwaya guda a jikin mutum, in an warware shi, tsawonsa ya kai wajen mita 2.

Zaren sili biyu ne a murɗe, kamar igiyar kaba. Kowane sili an yi shi da sukari da fosfat, suna bin juna: sukari, fosfat, sukari, fosfat. Ba sukarin shayi ba ne, danginsa ne. Fosfat kuwa ba baƙo ba ne a Adar. Shi ne a cikin dutsen nan na Tawa da ake niƙawa a yi takin gona.

A jikin kowane sukari akwai wani ɗan sinadari a maƙale. Iri 4 ne kawai. Masana sun ba su baƙaƙe: A, T, C, G. A na wannan sili ba ya kama kowa a wancan sili sai T. C kuma sai G. Idan ƙwaya za ta rabu biyu, igiyar takan buɗe, kowane sili ya samu sabon aboki daidai da na da. Haka rubutun ke wucewa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Ɗa kuma yakan karɓi rabi daga uwa, rabi daga uba. A 1953 ne Watson da Crick suka bayyana wannan siffa a Ingila, da taimakon hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin.

Ɗan makarantar yaƙi da jahilci ya san "baki" daban, "baƙi" daban. Baƙi guda ya canja magana. Haka abin yake a jiki. Cikin baƙaƙe wajen miliyan dubu 3, akwai wuri guda da in T ya zauna a gurbin A, jajayen ƙwayoyin jini sukan lanƙwashe kamar lauje. Sai su toshe ƙananan hanyoyin jini. Yaro ya yi ta kukan ciwon ƙashi, hannu da ƙafa su kumbura, jini ya ragu. Wannan shi ne amosanin jini. Ba maita ba ce, ba jifa ba ne. Sau da yawa uwa kaɗai ake zargi, kuma ba gaskiya ba ne: sai yaro ya gado daga uwa da uba duka ciwon ke kama shi.

A takardar awon jini ana rubuta AA, ko AS, ko SS. Wannan A sunan irin jini ne, ba na zaren ba. Mai SS shi ne marar lafiya. Mai AS yana noma, yana kiwo, bai san yana ɗauke da kome ba. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. Ba a cewa an haifi guda, sauran uku sun tsira. Kowane ciki da nasa lissafi.

A Adar auren zumunci yana da yawa, kuma ƴan gida ɗaya sukan ɗauki baƙi iri ɗaya. Saboda haka kamin a kai kuɗin aure, saurayi da budurwa su je likita, su tambayi inda ake wannan awo. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu. A adana takardar, don irin jinin mutum ba ya canjawa.