Yadda ake auna cajin batirin sola a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

A arewacin Zamfara, wutar da har yau jama'a ke kira NEPA, ko da yake kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ne ke da alhakinta, ba abin dogaro ba ce, shi ya sa masu cajin waya da masu kemis da masallatai da dama suka koma ga sola. Na'urar kashi huɗu ce: fanel da ke mayar da hasken rana lantarki, kwanturola da ke daidaita shigarsa, batir da ke adana shi, da inbata da ke juya shi zuwa irin wutar da fanka da firji ke amfani da ita. Batir ne ya fi saurin mutuwa a cikinsu, kuma galibi rashin sanin abin da ya rage a cikinsa ne ke kashe shi.

Matakin farko shi ne sanin ma'aunin batirin. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne dogon batir mai ruwa, wanda farantan dalma ke jiƙe a asid cikinsa, kuma a jikinsa akan rubuta bolt 12 da amfiya 200. Bolt ma'aunin ƙarfin turin lantarki ne, amfiyar da aka rubuta kuwa tana nufin yawan abin da batirin ke iya bayarwa cikin sa'o'i. Idan aka ninka 12 sau 200 sai a sami wat 2,400 na tsawon sa'a ɗaya, amma rabin wannan kaɗai ya kamata a taɓa, domin batirin dalma da ake tatsewa ƙarƙaf kullum wani farin gishiri ne ke daskarewa a farantansa, daga nan kuma ba ya sake riƙe caji kamar da. Ke nan shagon da kayansa ke jan wat 150 yana da sa'o'i takwas a lissafi, a aikace ma ƙasa da haka, tunda inbata ita ma tana cin nata rabo.

Mataki na biyu, wanda a nan ne aka fi kuskure, shi ne zaɓen lokacin awo. Da azahar, lokacin da rana ke dukan fanel, allon kwanturola yakan nuna bolt 14 ko fiye, mai shago ya ɗauka batirinsa ya cika, alhali lambar ta turin fanel ce, ba ta abin da ya zauna a ciki ba. Haka nan da dare, idan firji ya tashi, lambar takan faɗi ƙasa da gaskiya. Batir ba ya faɗin gaskiya sai ya huta, wato babu abin da ke shiga babu abin da ke fita na wasu sa'o'i, saboda haka lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba kafin rana ta fito, bayan an kashe inbata tun cikin dare. Ana ɗaukar mitar hannu mai wayoyi biyu, a juya ta zuwa awon bolt na batir, a ɗora jar waya a kan da ke da alamar tarawa, baƙar a kan da ke da alamar ɗebewa. Idan kawunan sun yi wannan tsatsa mai launin tsanwa-tsanwa, sai an goge su tukuna. Bolt 12.7 na nufin batir a cike yake, 12.4 kusan kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi, abin da ya yi ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Dukkan tazarar ba ta kai bolt ɗaya ba, don haka sanduna huɗu masu nuna caji da ke fuskar inbata ba su isa hujja ba, jiran kukanta kuma ya fi muni, domin yawancinsu ba sa yanke wuta sai wajen bolt 10.5, lokacin da ɓarna ta riga ta auku.

Inda aka jera batura biyu don samun bolt 24, ana ninka waɗannan lambobi, amma wajibi ne a auna kowanne shi kaɗai, saboda mai lafiya yakan rufa wa gurgu asiri har su mutu tare.

Mataki na uku ya shafi ruwan. Ana buɗe murfin kowane ɗaki daga ɗakuna shida na batirin a zuƙo ruwa da haidiromita, wato bututun gilashi mai roba a kai da ɗan ma'auni mai iyo a ciki, wanda ke nuna kaurin asid. Cikakken batir yakan nuna wajen 1.250, wanda ya sauka kuwa yakan gangaro kusa da 1.120, kuma ɗakin da ya bambanta da 'yan'uwansa sosai shi ne ya fara lalacewa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan yana saurin ƙafewa, sai a cika shi da tataccen ruwan batir, ba ruwan rijiya ko fiya wata ba, ba kuma asid ba. Aikin yana buƙatar iska da nesantar wuta, kuma mataccen batir ba abin fasawa a tsakar gida ba ne, musamman a jihar da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010.

Awon rana ɗaya ba ya nuna lafiyar batir sai an rubuta shi a littafi kullum an kwatanta. Idan lambar asuba ta riƙa raguwa a lokacin hunturu, fara zargin batir kuskure ne, domin ƙurar da ta kwanta a kan fanel ce ta fi yiwuwa, kamar yadda hadarin Agusta ke rage caji na kwanaki. Batirin litiyom da ya fara shigowa ba ya bin wannan lissafi, tunda yakan tsaya wajen bolt 13 har ya kusa ƙarewa, shi ya sa ake karanta shi ta allon na'urar da ke cikinsa, wadda ke ƙirga amfiyar da ta shiga da wadda ta fita.