KOYO A WURIN AIKI: DARASI DAGA ASIBITIN MALAM AMINU KANO

Duk wanda ya bi Titin Zariya ta Gyadi-Gyadi, a Ƙaramar Hukumar Tarauni, zai ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An kafa shi a 1988, kuma a nan ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero suke samun horo. A shekarar 2002 aka fara dashen ƙoda a wannan asibiti, shekara 2 kacal bayan an yi na farko a Nijeriya, a Asibitin St. Nicholas da ke Legas. Ta yaya ma'aikata take iya ɗaukar sabon aiki mai wuya irin wannan?

Na'ura kaɗai ba ta wadatarwa. Dashen ƙoda yana bukatar likitan fiɗa, da likitan ƙoda, da mai ba da maganin barci, da masu gwajin jini, da ma'aikatan jinya. Idan ɗayansu ya kuskure, ran majinyaci ne a cikin haɗari. Saboda haka dole kowa ya koyi abin da bai sani ba, ya kuma sanar da abokin aikinsa abin da ya gano.

A asibitocin koyarwa akwai al'adun da suke raya wannan hali. Na farko shi ne zagayen ɗakunan majinyata, inda babban likita yake yi wa ƙanana tambayoyi a gefen gado. Na biyu shi ne taron bitar aiki, inda ake tattauna abin da ya ɓaci domin kada a maimaita shi.

Wannan na biyun ya fi wuya, domin ba mai son a ga kuskurensa. A 1996 wata mai bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka, Amy Edmondson, ta gano wani abin mamaki: sassan asibitin da suke da shugabanci nagari sun fi kawo rahoton kurakuran ba da magani. Da ta zurfafa bincike sai ta ga ashe tsoron faɗa ne ba su yi. Kuskuren da aka bayyana shi ake gyarawa. Wanda aka ɓoye kuwa sai ya sake aukuwa.

Haka abin yake a makaranta. Malamin da yake tsawata wa ɗalibi don ya yi tambaya, ko gwajinsa ya ƙi, ɓoye jahilci yake koya masa. Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata.