Darasi: In Injin Tsohuwar Mota Ya Yi Zafi

'Yan'uwa manoman Sharabi, tsohuwar a-kori-kura irin Peugeot 404, wadda aka soma haɗawa a Kaduna a 1975, tana iya kai shinkafarmu kasuwar Tsamiya ko Lolo, amma zafi yakan kashe inji.

In ta tafasa, mu tsaya, mu kashe inji. Kada mu buɗe murfin lagireto sai ya huce, gama tururi yana ƙona fuska. Ruwan sanyi a kan inji mai zafi kuwa yakan tsaga shi.

Bayan ya huce, mu duba ruwa. In ya ragu, mu nemi yoyo a tiyo da famfon ruwa. Mu danna fanbel da babban yatsa. In ya lotsa fiye da faɗin yatsa, a ɗaure shi. Ƙaiƙayi da ƙura sukan toshe fuskar lagireto, ruwan kogi mai laka kuma ya toshe cikinsa. Wannan laifinmu ne, ba na mota ba.

Amma in baƙin mai ya zama kamar kunu da madara, ko salansa tana ta fitar da farin hayaƙi, gasket ya ƙone. Kada a tuƙa ta ko zuwa Bagudo. A kirawo bakanike.