Wasiƙa daga Fakuwa: Muryar Baba ta yi ƙasa

Wannan wasiƙa daga Fakuwa ta fito. Mai wasiƙar ya ce likita ya tabbatar mahaifinsa na fama da cutar karkarwa, wato Fakinsan. Yanzu in dattijon ya yi magana sai an kai kunne kusa da bakinsa, in kuma aka ce ya ɗaga murya sai ransa ya ɓaci, ya ce ai da ƙarfi yake magana. Mai wasiƙar yana tambaya ko tsufa ne, ko kuwa abu ne da ake iya aunawa.

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ana aunawa, kuma tun yanzu ya kamata a fara. Wannan cuta, wadda likitan Ingila James Parkinson ya bayyana a 1817, tana cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke sa motsi ya fita cikakke. Abin da ke gajarta takun mai ciwon, shi ne ke rage motsin ƙirji da maƙogwaro da harshe. Sai murya ta dushe, ta tafi a miƙe ba hawa ba sauka. Abin tausayin shi ne a kunnensa daidai yake jin kansa, don haka ba taurin kai Baba yake yi ba. Wajen awo, masanin gyaran magana kan sa shi ya ja numfashi ya riƙe "aaa" ana ƙirga daƙiƙoƙi, ya karanta wani abu, sannan a yi hira, na'ura tana auna ƙarfin sautin daga tazara guda. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro kuma kan leƙa da 'yar kyamara ya tabbatar ba wani ƙari ne ya fito ba.

Wani zai ce ai kowane tsoho muryarsa na raguwa. Haka ne, amma da kunne kaɗai iyali ba za su raba ta tsufa da ta ciwo ba, domin mai jin mutum kullum ba ya lura da raguwar. Wani zai ce tunda yana shan magani ya isa. Maganin lebodofa ya fi taimakon hannu da ƙafa, murya kuwa atisaye take so. Akwai wani shiri da aka tsara a Amurka, zama 16 cikin mako 4, ana koya wa mai ciwon magana da ƙarfi, kuma da awon farko ake gane ko an samu ci gaba.

Masu wannan aiki ba su da yawa a ƙasarmu, na sani. Ka nemi likitan Babban Asibitin Kankiya ya tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Aminu Kano. Kafin nan, ka ɗauki muryar Baba a waya duk wata, a ɗaki guda, tazara guda, lokaci guda bayan shan magani, ka kai wa likita. In kuwa ka ga yana ƙwarewa da ruwa ko koko, yana tari wajen cin abinci, kada ka jira ranar da aka ba ku, ka kai shi asibiti nan take.