Darasi: Kafin Ku Kama Gidan Haya

Samar da muhalli hakki ne a wuyan maigida, gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Amma ke ce za ki wuni a cikin gidan, don haka kar ki yi shiru lokacin zaɓe.

Kuɗin shekara ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Dillali yana da la'adarsa, yawanci kashi 10 cikin 100. Akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, wasu kuma har da na ajiya saboda ɓarna. Sannan ki tambayi maƙwabta batun ruwa. Gida mai sauƙi a Kurna ko Sheka, idan kullum sai kin kira ɗan garuwa, yara kuma sai an hau Adaidaita kafin makaranta, wallahi sauƙin ya tafi. Ki je ki gan shi da damina ma, in da hali.

A fiƙihu, haya ba ta inganta sai an san kuɗin da tsawon lokacin. Gyaran rufi ko bango na mai gida ne. Ki roƙi maigidanki a rubuta wannan, shaidu su sa hannu, rasit kuma ki adana shi a akwatinki.